Jaririn da aka haifa da ƙulli a gadon baya: abin yi tun daga sa'ar farko

Haihuwa ta zo da sauƙi, jariri ya callara kuka, an yanke cibiya. Ungozoma ta juya shi za ta goge masa jiki, sai ga ƙulli a ƙasan gadon bayansa, ɗan sama da ɗuwawu. Wani kamar ƙwan kaza, wani ya kai lemon zaƙi, wani kuma ba ma ƙulli ba ne sosai, jan nama ne a buɗe yana tsattsafo da ruwa garai-garai. Ɗaki ya yi tsit. Ba a jimawa shawarwari za su fara zuba: a kira wanzami ya duba, a barbaɗa gari, a bari a yi suna tukuna. Kowa da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma kusan duk waɗannan shawarwari cutar da yaron za su yi.

Likitoci suna kiran wannan larura spina bifida, kalmomi biyu na Latin da ke nufin ƙashin baya da ya rabe biyu. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Nikolas Tulp, shi ya bayyana ta da wannan suna tun a 1641. An ƙiyasta cewa jarirai kusan 300,000 ake haifa duk shekara a duniya da ita ko da 'yan uwanta na tawayar ƙwaƙwalwa da laka.

Ga yadda abin ke faruwa. A makonnin farko na ciki, abin da zai zama ƙwaƙwalwa da laka shimfiɗaɗɗe ne kamar ƙyalle. Sai gefunansa biyu su naɗo su haɗe ya zama bututu, kamar yadda tela ke naɗe yadi ya ɗinke hannun riga. Wannan ɗinki yana kammala ne cikin kwana 28 da shigar ciki. Idan ƙarshensa na ƙasa bai rufe ba, ƙasusuwan baya da fatar da ya kamata su lulluɓe wurin su ma ba za su haɗe ba, sai laka ta zauna a waje.

A riƙe wannan kwana 28 da kyau. A lokacin, mace ba ta fi mako biyu da yin ɓatan wata ba, wata ma ba ta lura ba. Saboda haka fitar da ta yi da magariba a wata na shida, ko tsallake wani abu da ta yi, ko faɗan da ta yi da kishiya, babu wanda ya jawo wannan. Kafin duk waɗannan abin ya riga ya faru. Yaron kuma ba ɗan ruwa ba ne, ba musaya aka yi ba, ɗanku ne da aka haifa da rauni a baya.

Larurar iri uku ce. Akwai ɓoyayyiya, wadda gurbi ne kawai a ƙashi, fata ta rufe shi, wani lokaci da ɗan gashi ko loɓawa ko tabo a wurin. Mutane da yawa suna rayuwa da ita ba su sani ba sai an yi musu hoton baya don wani dalili. Akwai wadda jakar ruwa ce ta fito amma laka tana mazauninta. Sai ta uku, wadda laka da jijiyoyi suka fito cikin jakar. Ita ce mai tsanani, kuma a kanta yawancin bayanan nan suke.

Mataki na farko: sa'ar farko

A kwantar da jariri rub da ciki ko a gefensa, kada a yi masa rigingine, a kuma sa ido kada shimfiɗa ta toshe masa hanci. Wanda zai taɓa wurin ya wanke hannu da sabulu. A sami bandeji mai tsabta wanda ba a buɗe ba, a jiƙa shi da ruwan gishirin nan na leda da ake yin ƙarin ruwa da shi, ana samunsa a kemis, a ɗora a hankali, sannan a lulluɓe da farar leda mai tsabta don kada ya bushe. Idan babu ruwan ledar, a tafasa ruwa a bari ya huce. Kada a sa auduga kai tsaye, zarenta yana manne wa nama. Kada a sa sifirit, ko aidin, ko man shanu, ko toka, ko wani garin magani. Abin da kuke gani ja ɗin nan laka ce tsirara, kuma duk abin da ya ƙone ta ya ƙone ke nan.

Kunzugu ya tsaya ƙasa da raunin. Kashi shi ne babban abin tsoro a nan, don haka a sa wata 'yar leda ta raba tsakanin dubura da wurin. Wankan farko da aka saba yi da soso da ruwan zafi, a ɗage shi. A goge jiki da tsumma mai ɗumi kawai, a kauce wa bayan. Kada a goya shi, domin zanin goyo daidai kan ƙullin yake ɗaurewa. A rufe shi ya ji ɗumi, uwa ta ba shi nono yana kwance a gefe ko a kan ƙirjinta, har da dakashin farko.

Sai babban gargaɗi: kada a yi sakiya, kada a tsaga, kada a matse. Abin da ke cikin jakar ba mugunya ba ce. Ruwan da ke kewaye ƙwaƙwalwa ne, kuma hanya ce miƙaƙƙiya daga nan zuwa cikin kai. Ƙwayar cutar da ta shiga ta bakin aska ko allura, sanƙarau za ta zama cikin 'yan kwanaki, kuma shi ne ke kashe yawancin jariran da ba a kai asibiti ba.

Mataki na biyu: asibitin da ya dace, yau ba gobe ba

Abin da likitoci ke so shi ne a rufe bayan cikin kwana biyu zuwa uku da haihuwa. Suna kuwa sai ranar bakwai, fitar mai jego sai an yi arba'in. Malam uban jariri, a nan kai ne mai yanke magana. Ana iya yi wa yaro huɗuba a raɗa masa suna yana gadon asibiti, a yanka rago a gida. Idan mai jego ba za ta iya tafiya ba a ranar, kaka ko gwaggo ta riƙe shi a tafi, uwa ta biyo baya da zarar ta samu ƙarfi, saboda nono.

Aikin na likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ne, kuma ba kowane babban asibiti ke da shi ba. Ana samunsu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, wanda ke da cibiya ta musamman don wannan fanni, da na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, da na Jos, da Asibitin Ƙasa na Abuja. A Nijar a nufi Yamai. Ku biya asibiti mafi kusa a gyara rufin raunin, a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta, a ba ku takardar turawa, sannan ku wuce. A mota, a riƙe shi rub da ciki a kan cinya bisa matashi. Idan kuɗi ya yi wuya, ku tambayi ofishin jin ƙai na asibitin tun ranar farko, kada ku jira sai an rubuto kuɗin aiki.

Wanda ya riga ya makara, yaro ya yi mako biyu ko wata guda a gida, kada ya ce ai lokaci ya wuce. Likitoci za su fara magance cutar da ta shiga, sannan su rufe. Kunyar faɗan likita ba dalilin zama a gida ba ce.

Gara ku ji wannan tun yanzu: tiyatar ba ta dawo da jijiyar da ta riga ta mutu. Amfaninta shi ne ta toshe hanyar cuta, ta kuma kare abin da ya rage. Ƙafar da ba ta motsi kafin aiki, galibi haka za ta kasance bayan aiki, kuma wannan ba ya nufin likita ya yi kuskure. Iyaye da yawa sukan yanke ƙauna a daidai nan su daina komawa asibiti, alhali yanzu ne ma aikin ya fara. Kafin a sallame ku, ku tambaya: a wane gurbi na baya raunin yake, an yi hoton kai, an yi hoton ƙoda, yaushe za a dawo. Ku sayi littafi guda ku riƙa rubuta komai, domin za ku ga likitoci daban-daban cikin shekaru. Rigakafin yara kuwa a ci gaba da shi kamar na kowane jariri.

Mataki na uku: kai

Kusan takwas cikin goma na masu nau'i mai tsanani ruwa yakan taru musu a kai. Dalili shi ne ƙasan ƙwaƙwalwarsu yakan zame ya cushe a mashigar wuya, ya hana ruwan zagayawa. Wani ana haifarsa da shi, wani sai bayan an rufe bayan yake bayyana, tunda hanyar da ruwan ke yoyo ta toshe.

Kayan aikinku a nan tef ne irin na tela. Sau ɗaya a mako, a zagaya shi ta saman gira zuwa inda ƙeya ta fi tudu, a rubuta lamba da kwanan wata. Kan jariri yakan kai kimanin santimita 35 a haihuwa, ya riƙa ƙara kusan santimita 2 a wata cikin wata uku na farko, daga nan ya koma kusan 1 a wata har zuwa wata shida. Idan kuka ga yana ƙara santimita guda ko fiye duk mako, ku koma asibiti. Haka idan maɗiga ta kumbura ta yi tauri alhali yaro yana zaune shiru, ko jijiyoyin fatar kai suka fito raɗau, ko ƙwayar ido ta faɗa ƙasa farin sama ya bayyana, ko yana ta amai da barcin da ya wuce kima. Akwai kuma alamun da ba sa jiran gari ya waye: numfashi mai ƙara kamar ana shaƙe shi, kuka ya disashe, ƙwarewa duk lokacin shan nono, ko numfashi ya ɗauke leɓe ya canza launi.

Hanyar magani biyu ce. Ta farko ita ce siririyar roba da ake kira shant, wadda ake sawa daga cikin kai ta bi ƙarƙashin fata zuwa ciki, ruwan ya riƙa sauka can jiki ya shanye shi. Akwai mai araha ƙirar Indiya mai suna Chhabra, wadda binciken da aka yi a Yuganda ya nuna aikinta bai gaza na masu tsada ba, don haka kada ku ji an ce ta Indiya ce ku raina. Ta biyu kuma, likita yana shiga da 'yar kyamara ya huda wa ruwan sabuwar hanya, ya kuma ƙona wani ɓangare na abin da ke samar da shi. Dokta Benjamin Warf ne ya haɗa wannan dabara a asibitin yara na CURE da ke Mbale a Yuganda, saboda ya ga iyalai na nesa ba sa iya dawowa da sauri idan roba ta toshe. A jariran da ke da wannan larura, kusan uku cikin huɗu sun wadatu da ita ba tare da roba ba. Ba ko'ina ake da kayan yinta ba, amma ku tambaya.

Yaron da ke da roba a kai, duk gidan su san cewa tana iya toshewa ko ta kamu da cuta, ko bayan shekara goma ne. Ciwon kai, amai, yawan barci, fizge-fizge, ido ya karkace, ja ko kumburi a kan hanyar robar, duk sammaci ne. A nan ne ɗabi'armu ta ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya take da haɗari. A gwada jini, idan ba ita ba ce, ko an sha magani yaro bai warware ba, a koma wurin waɗanda suka sa robar.

Mataki na huɗu: ƙoda, inda aka fi sakaci

Duk mai zuwa barka ƙafa yake kallo, tambayarsa ɗaya: zai yi tafiya kuwa? Ni kuwa da za a ce in zaɓi abu ɗaya da iyaye za su riƙe da hannu biyu, mafitsara zan zaɓa. Mutum yana rayuwa mai tsawo a kan keke, amma ba ya rayuwa ba ƙoda.

Jijiyoyin da ke sarrafa fitsari da bayan gida suna can ƙarshen laka, ƙasa da na ƙafa. Shi ya sa ko yaron da ke gudu da ƙafarsa yakan samu matsalar fitsari. Abin da ke ruɗar mutane shi ne ganin kunzugu kullum a jiƙe, sai a ce ai yana fitsari lafiya. Sau da yawa ambaliya ce kawai: mafitsara ta cika maƙil, ba ta iya juyewa, abin da ya yi yawa ne ke ɗiga. Fitsarin da ya kwanta yana haifar da cuta, matsinsa kuma yana tura shi baya zuwa ƙoda. Yaron ba ya jin zafi, don haka ƙoda tana lalacewa shiru shekara da shekaru.

Maganin wannan ya fito ne a 1972, lokacin da wani likita a Mishigan ta Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa ana iya zura siririyar roba a juye mafitsara a cire, sau da yawa a rana, a gida, da tsabta ta sabulu da ruwa kawai. Kafin wannan, ciwon ƙoda ne ke kashe da yawa daga cikin waɗanda suka tsallake jarirantaka. Likita ne zai faɗa ko ɗanku yana bukata da kuma girman robar, nas kuma za ta koya muku hannu da hannu. Kada ku fara daga karatu kawai. Amma ga yadda tsarin yake, don ku san abin da za ku tarar:

A wanke hannu da sabulu. A wanke gaban yaro, mace daga gaba zuwa baya. A shafa wa bakin robar man santsi na asibiti mai narkewa a ruwa, ba basilin ba. A zura a hankali har fitsari ya fara zuba, a ƙara turawa kaɗan, a riƙe har ya tsaya. A janyo sannu-sannu, idan ya sake zuba a dakata. In an ji turjiya kada a tura da ƙarfi, a ɗan jira yaro ya saki jiki. Bayan an gama a wanke robar ciki da waje da sabulu, a ɗauraye, a yarfe, a shanya ta bushe, a ajiye a mazubi mai murfi.

Ana yi duk bayan awa uku zuwa huɗu da rana, har da na tashi daga barci da na kwanciya. Iyaye da yawa sun ga ya fi sauƙi su ɗaura shi da lokutan salla, su ƙara ɗaya da hantsi saboda tazarar asuba zuwa azahar ta yi yawa. Kada a bar wa uwa ita kaɗai. Ranar da ta kwanta ciwo ko ta sake haihuwa fa? Aƙalla mutum biyu su iya. Masu tsoron cewa robar za ta ɓata budurcin yarinya su kwantar da hankali, ƙofar fitsari daban take. Yaro kuma idan ya kai shekara shida zuwa takwas yakan fara koyon yi da kansa, kuma wannan ne ke buɗe masa ƙofar makaranta ba tare da warin fitsari ba.

Wasu ana haɗa musu da magani mai suna oksibutinin don ya sassauta mafitsara. Yana busar da baki, yana rage gumi, don haka a zafin bazara irin na Sakkwato ko Maiduguri a ajiye yaro a inuwa, a yawaita ba shi ruwa. Kada a taɓa rage masa ruwan sha don gudun jiƙa shimfiɗa. Fitsari ya yi kauri da wari tare da zazzaɓi ko amai, a kai a gwada. Hoton ƙoda kuma a riƙa yi a lokutan da likita ya tsara, ko da yaro yana wasa lafiya ƙalau.

Bayan gida shi ma tsari yake so. A zaunar da yaro a fo lokaci guda kullum, kamar minti 20 bayan cin abinci, ƙafafunsa a dafe da ƙasa. Wake, ganye, gwanda, mangwaro da ruwa mai yawa suna hana taurin ciki. Kashi mai ruwa da ke ɓata wando kullum sau da yawa alama ce ta wani busasshe da ya toshe hanya, don haka kada a ba da maganin tsayar da gudawa sai an duba.

Mataki na biyar: fatar da ba ta jin zafi

Inda jijiya ba ta kai ba, yaro ba ya jin wuta, ba ya jin ƙaya. Kaskon wuta a lokacin hunturu, ruwan wanka, siminti ko rairayin da rana ta gasa, salansar babur, kofin koko da aka ɗora a cinya, duk suna ƙona shi yana dariya. Uwa ta gwada ruwa da gwiwar hannunta kafin ta sa shi. Mai jan gindi ko rarrafe a sa masa wando mai kauri da safa. Takalmi a zazzage shi kafin a sa. Da dare a soke gidan sauro da kyau, don ɓera ma yakan ci yatsan da ba ya ji.

Kowane dare a duba ɗuwawu, dugadugai, idon sawu da tsakanin yatsu. Idan an ga wuri ya yi ja ko ya fi sauran duhu, bai koma daidai ba bayan rabin awa, a ɗauke nauyi daga kansa gaba ɗaya har ya warke. Gyambon zama cikin kwana kaɗan yake samuwa, amma warkewarsa sai a yi watanni. Mai zama a keke ya sami matashi mai kyau, ya riƙa ɗaga jikinsa da hannu akai-akai.

Masu wannan larura kuma jikinsu yakan ƙi jinin ɗanyen roba irin na safar hannun asibiti da balan-balan, saboda yawan haɗuwa da shi tun suna jarirai. Kumburin leɓe ko ƙaiƙayi bayan busa balan-balan abin faɗa wa likita ne, musamman kafin wata tiyata.

Mataki na shida: tafiya, makaranta, masallaci

Amsar tambayar masu barka tana ga inda raunin yake. Wanda nasa ke can ƙasa kusa da ɗuwawu yakan yi tafiya da kansa ko da ɗan takalmin tallafi. Na tsakiyar ƙugu yakan bukaci takalmin ƙarfe da sanduna. Na sama da haka keke ne zai fi masa. Da yawa ana haifarsu da tafin ƙafa a lanƙwashe ya juya ciki, ana kuma gyara shi da filasta da ake canzawa mako-mako tun suna jarirai, irin aikin da ake yi a Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Masu gashin ƙashi za su koya muku yadda ake motsa gaɓoɓi kullum don kada su sandare, a hankali, domin ƙashin ƙafar da ba ta taka ƙasa saurin karyewa gare shi.

Keke ba gazawa ba ne. Tanni Grey-Thompson ta Birtaniya da wannan larura aka haife ta, a kan keke ta ci zinare 11 a wasannin Olamfik na nakasassu. Abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, ko wanda aka tura bara tun bai san hagu da dama ba. Yawancinsu basirarsu daidai take da ta sauran yara, ko da yake waɗanda ruwa ya taru wa a kai sukan sha wuya a lissafi da tattara hankali. Dokar hana nuna wa nakasassu wariya, wadda aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Ku je ku ga hedimasta kafin a buɗe makaranta, ku nemi aji a ƙasa da wurin da yaro zai keɓe ya juye fitsarinsa. Islamiyya ma haka. Malaman Malikiyya sun daɗe da yin bayanin rangwamen da mai yoyon fitsari yake da shi a alwala, don haka kada wani ya kore shi daga sahu.

Yayin da yake tsawo, a lura da sabon canji: tafiyar da ta lalace, ƙafa ta fara lanƙwashewa, ciwon baya, baya ya karkace, ko jiƙa wando bayan an daɗe da shawo kansa. Wani lokaci laka ce ta manne a tabon aikin farko tana jan kanta, kuma ana iya sakinta da tiyata idan an zo da wuri.

Mataki na bakwai: ciki na gaba

Wadda ta taɓa haifar ɗa mai wannan larura, haɗarin ya maimaitu yana wajen kashi 3 zuwa 4 cikin 100. Ana iya rage shi ƙwarai da 'yar ƙwayar nan ruwan ɗorawa da ake bayarwa a wurin awo, wadda masu sikila ma ke sha, wato folik asid. Wani babban bincike da aka jagoranta daga Birtaniya, aka fitar a 1991, ya nuna ta rage maimaituwar da kashi 72 cikin 100. A 1992 wani binciken a Hangari ya nuna tana kare har waɗanda ba su taɓa haifar irinsa ba.

Matsalar ita ce lokaci. Matanmu sukan fara awo a wata na huɗu ko na biyar, wasu saboda kunyar cikin fari, wasu saboda ɓoye shi daga baki. Ƙwayar da aka karɓa a lokacin tana ƙara jini, amma ɗinkin bututun nan an gama shi tun kwana 28. Dole ƙwayar ta shiga jiki tun kafin a ɗauki ciki. Duk macen da za ta iya ɗaukar ciki ta riƙa shan maikirogiram 400 kullum, ta ci gaba har ciki ya cika mako 12. Wadda ta taɓa haifar mai larurar kuwa miligiram 5 ake ba ta, wanda ya ninka wancan adadin fiye da sau goma, ta fara wata biyu zuwa uku kafin ciki. Masu ciwon suga da masu farfaɗiya su ga likita tun kafin su ɗauka. Maganin farfaɗiya mai suna balfurowet yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wannan larura, amma kada a daina shi kai tsaye, likita ne zai canza. Zazzaɓi mai zafi a farkon ciki shi ma a gaggauta sauke shi.

Wake, gyaɗa, alayyahu, kuɓewa da lemo suna da wannan sinadari, sai dai doguwar dahuwar miyarmu tana kashe mai yawa, kuma abinci kaɗai da wuya ya kai adadin. Amurka da Kanada sun wajabta zuba shi a fulawa tun 1998, haihuwar irin waɗannan jarirai ta ragu a fili, kuma a 2023 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya yi kira ga ƙasashe su bi wannan hanya. Amma wadda tuwonta na dawa ne ko gero ko masara da aka kai injin unguwa, babu abin da kamfani ya zuba mata. Ita ƙwayar ce hanyarta. Da ni ce mai haɗa lefe, da gwangwaninta ya shiga akwati tare da turare, amarya ta fara sha tun kafin a ɗaura aure.

Idan ciki ya samu, a yi hoto tsakanin mako 18 zuwa 22 a wurin ƙwararre, a gaya masa tarihin don ya duba bayan da kan da kyau. In an ga wani abu, sai a shirya haihuwa a asibitin da ke da likitan laka, a huta da doguwar tafiya da jariri mai buɗaɗɗen baya. Mai shan miligiram 5 kuma ta tuna wa ma'aikatan awo idan ta cika mako 12 a mayar da ita kan ƙaramin adadi, domin babban yana rage ƙarfin Fansidar da ake fara ba masu ciki daga mako na 13 don kariya daga maleriya.